Kawu Tela da Masu Nemo 'Yan Ƙwallo

Allah da ya ba mu Kawu, yayan mahaifiyata, ya karɓi abinsa wata Laraba da hantsi, a gidansa na gindin dutse a Kazaure, bayan jinyar da ta ɗauke shi tun daga kaka har cikin bazara. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. A zatonmu zaman makokin ba zai wuce dangi da maƙwabta da 'yan tsirarun teloli abokan sana'arsa ba, don ya tsufa ƙwarai, tsararrakinsa kusan duk sun riga shi. Sai ga shi washegari tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida sun kasa.

Dattawa ne suka yi ta sauka daga babur da motocin haya, masu furfura, wasu har da sanda, daga Roni da Gwiwa da Babura da ƙauyukan bayan Yankwashi. Jikokin gidan ba su san ko ɗaya daga cikinsu ba. In an shafa addu'a aka tambayi mutum yaya yake da mamacin, sai ya ce ai ubanmu ne. Wani tela daga kasuwar Gwiwa ya fara gaisuwa ya kasa ƙarasawa, ya rufe fuska da hannun riga. Wani dogon Bafulatani daga bayan Roni ya sauke buhun gero ya ce a yi sadaka da shi, ya koma gefe ya zauna har la'asar.

Da aka shiga aka gaya wa Inna, matar Kawu, irin baƙin da ke waje, sai ta ce a dama musu fura. "'Yan ƙwallonsa ne," in ji ta. "Da ransa sun hana ni sakat, yau ma ga su." Matan da ke tare da ita sun ce ta yi 'yar dariya, daga nan kuma kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace mata.

A ranar wata jikanyarsa ta tare ni a soro ta tambaye ni, wai da gaske Kaka ya taɓa buga ƙwallo? Ita tsoho ta sani mai carbi da rediyo. Tambayarta ce ta sa na zauna rubuta wannan, don na ga alamar in mu da muka sani muka kau, shi ke nan.

Amsar ita ce bai taɓa bugawa ba. A Kano ya ga wasan, lokacin da yake koyon ɗinki, kuma abin da ya fara haɗa shi da ƙwallo allura ce: in ta fashe, shi ake kawo wa ya ɗinke fatar. Wajen shekarar samun mulkin kai ya dawo gida da keken ɗinkinsa da wata tsohuwar ƙwallo mai igiya. Ya tara samarin unguwa, suka share wani fili a bayan gari, suka kafa itacen gola, ya ɗinka musu riguna iri ɗaya da ragowar yadi. Kulob ɗinmu ke nan. Ni ina cikin waɗanda suka taso a ciki daga baya, ni da babban ɗansa, taubashina, wanda muke sa'a. Shi ɗan gaba ne da duk ƙasar nan ta san ƙafarsa. Ni ɗan baya ne, ba yabo ba fallasa.

Kawu ba ya kallon wasa inda manya ke zama. Akwai wani ɗan dutse a bayan gola, nan yake hawa ya tsuguna, tef ɗin awo a wuya, goro a kumatu. Ba ya ihu in an ci, ba ya zagi in an zubar. Yakan ce mana ƙafa kowa na ganinta, shi abin da yake kallo shi ne yadda mutum ke tashi in an kayar da shi. Kuma duk sabon ɗan wasa shi da kansa yake auna shi. Yana auna kafaɗa yana tambayar sunan uba, yana auna tsawo yana tambayar wa ke noma gonar gida. Kafin a gama awon riga ya san wanda ya shigo masa.

Yana da nasa halin, kada in rufe. Mutum ne mai taurin kai, in ya yanke magana ko liman bai cika juya shi ba. In wasa ya matso kuma, kayan sallar mutane sai su kwana a buhu, Inna ce ke ba masu kaya haƙuri a ƙofar gida.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, komai ya sauya har da ƙwallo. Wani ɗan kwangila ɗan garinmu, wanda kowa ke kira Alhaji, ya samu aikin hanya, ya ɗauki nauyin kulob. Ya sayo takalma da raga, ya ce yana so mu riƙa karawa da ƙungiyoyin Kano ba tare da jin kunya ba. Samarin cikin gari kuwa sun fara zarcewa birni neman aiki, don haka aka ga dole a fita ƙauyuka a nemo sababbi. Alhaji ya kawo babur guda biyu sababbi fil, ya ce a ɗauki mutum biyu aiki, da albashi, su riƙa zaga Roni da Gwiwa da Babura suna dubo yara masu ƙafa. Zaɓen mutanen ya bar wa Kawu.

Ban taɓa ganin shagon Kawu ya cika kamar makon nan ba. Babur a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Har waɗanda ba su san yawan mutanen da ke cikin fili ba sun zo neman aikin, wasu da iyayensu, wasu da gaisuwa daga manyan gari. Taubashina ya je, ni ma na je, amma da sanyin jiki, don a lokacin na daina wasa. Gwiwata ta goce a wani wasa da muka yi a Babura, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, tafiya ta dawo amma gudu bai dawo ba. Ina zaune ne kawai a gida, ga sabon aure, ga kunyar tambayar mahaifina kuɗin cefane.

Wasan nan na Babura yana da labari. Rikici ya ɓarke a kan wata ƙwallo da alƙalin wasa ya ce ta shiga, golan Babura ya ce ba ta shiga ba. Kawu ya shiga raba faɗa, golan nan cikin zafin rai ya cakumi wuyan rigarsa ya yaga ta har ciki, a gaban jama'a. Da ƙyar aka ci gaba da wasa, kuma a cikin ragowar ne na faɗi. Kowa na ta hayaniya, ba wanda ya lura da ni sai shi golan. Ya goya ni a bayansa tun daga fili har inda motarmu take, yana haki. To shi ma sai ga shi a shagon Kawu, ya zo neman aiki. Mutane suka yi ta kallonsa suna mamakin ƙarfin halinsa.

Kawu bai tambayi kowa takarda ba. Ya kwashe mu a motar kasuwa zuwa Yankwashi, inda samarin ƙauyuka biyu ke wasa ba takalmi, ya ce kowa ya kalla. A hanyar dawowa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa muka gani. Yawanci suka ambaci wanda ya ci ƙwallo. Taubashina ya ambaci wani siririn yaro da ko sau ɗaya bai buga raga ba, ya ce duk ƙwallon da ta yi kyau daga ƙafarsa ta fito. Kawu ya gyaɗa kai. Kowa a motar ya san ya fi mu ido, ni ma na sani.

Da muka sauka sai ya zaunar da mu a ƙofar shago ya yi mana tambaya ta biyu: in ka ga yaro, ka je wurin ubansa, uban ya ce bai yarda ba, me za ka yi?

Taubashina ya ce abu mai sauƙi, zai jira yaron a bayan gari ya ɗauko shi a babur, ranar da uban ya ji ana kiran sunan ɗansa a rediyo zai huce. Aka yi dariya, shi ma da wasa-wasa ya faɗa. Kawu bai yi dariya ba. Golan Babura ya ce shi zai gode wa uban, ya sha ruwan gidan, ya tafi, in an yi kaka ya dawo da goro ya sake gaishe shi, in ya sake ƙi ya haƙura. Da aka zo kaina sai na ce zan dawo in tambaye ka, Kawu. Ya ce wannan ba amsa ba ce, amma ba za ta ɓata wa kowa gida ba.

Washegari ya sanar da Alhaji cewa ya ɗauki golan Babura da ni.

Gidan Kawu bai ga daɗi ba a watannin nan. Ina tsakar gida na ji Inna tana ce masa, "Malam, ɗan da na haifa maka ka tsallake, ka ɗauki wanda ya yaga maka riga a bainar jama'a?" Ya ce riga ai ya ɗinke ta tun tuni. Ta ce ba rigar take nufi ba, ya sani. Ya ɗauki buta ya fita. Mahaifiyata ma ta je ta roƙe shi ya karɓe nawa ya ba ɗansa, don kada zumunci ya lalace a kaina. Ya ce mata aikin ba gadon gidansu ba ne da za a raba shi a tsakar gida.

Taubashina bai yi faɗa da kowa ba. Ya ajiye rigar wasansa a kan keken ɗinkin uban, ya tafi Kano, daga can ya zama direban tankar mai, yana Ikko yana Arewa. Yakan zo da salla, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa kamar yadda ake gaida baƙon kirki, ya ajiye tsaraba ya tashi. Ni kuwa wasan taubasantaka da muka taso da shi, na tsokana da ƙwace hula, ya mutu. Sai gaisuwa da tambayar iyali.

Aikin da Kawu ya ɗora mana ya fi abin da muka zata. Dokarsa ta farko, ba a yi wa yaro magana sai an ga ubansa, kuma ba a yi wa uba alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Ta biyu ta fi wuya: duk wanda ka ɗauko, in bai yi ba, kai za ka mayar da shi har ƙofar gidansu, ka zauna ka yi wa uban bayani. Ba a sallamar yaro a tasha. Na yi irin wannan tafiya ba sau ɗaya ba, saurayi a bayana, ina jin yadda yake haɗiye kuka. Kuma kowane ɗayansu da sabuwar riga yake komawa, Kawu ke ɗinka ta, wai kada mutum ya shiga garinsu hannu biyu ana kallonsa. Wani ɗan Gwiwa da na ɗauko, ƙafar ba ta yi ba, ya ce shi ya fi son ƙasa ta haɗiye shi da ya koma a yi masa dariya, don da kiɗa abokansa suka rako shi. Kawu ya aike ni na nemo izinin uban, ya zaunar da shi a shago ya koya masa ɗinki. Shi ne telan da ya kasa ƙarasa gaisuwa ranar makoki.

Wanda ya fi kowa a duk waɗanda muka samo, golan Babura ne ya gano shi, a wata ruga a bayan Roni. Dogon saurayi ne makiyayi, in ya ɗauki ƙwallo sai ka ce iska ke tura shi. Golan yana jin Fulatanci, ya yi ta zarya wurin uban har ya yarda, da sharaɗi guda: ranar da ruwan shuka ya sauka a dawo masa da ɗansa, don shi kaɗai ne babba a gidan, ga gona ga shanu. Kawu ya ce a gaya masa an ji, an kuma ɗauka.

Da ƙafar saurayin nan muka kai wasan ƙarshe na wani kofi, za mu kara da wata ƙungiya daga Kano a filinmu. Garin nan ba a maganar komai sai wasan. Alhaji ya gayyato abokansa 'yan kwangila. Ana cikin makon wasan sai hadari ya haɗo ta gabas, aka kwana ana ruwa, irin wanda ba manomin da zai gan shi ya zauna.

Da safe Kawu ya ce wa golan ya tayar da babur ya mayar da yaron gida. Saurayin da kansa ya roƙa a bar shi ya buga, ya ce mahaifinsa zai fahimta. Kawu ya ce mai yiwuwa ne, amma da uban aka yi maganar, ba da shi ba. Kafin su tashi labari ya kai wa Alhaji, sai ga motarsa a ƙofar shago.

"Malam, kwana nawa ne? A tura wa uban 'yan ƙwadago su shuka masa gonar, ni zan biya."

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ba 'yan ƙwadago muka ce za mu kai masa ba, ɗansa muka ce."

"To a je a roƙe shi mana."

"In muka je da motarka zai ce ya yarda, don kunya. Ni kuma na san bai yarda ba."

Alhaji ya ce kulob ɗin nan fa da kuɗinsa yake tafiya. Kawu ya ce haka ne, kuma ba wanda ya isa ya musa, amma bakin da aka yi alkawari da shi nasa ne. Golan ya ja babur suka tafi.

An ci mu a wasan, ci mai zafi. Mutanen da suka saba gaida Kawu a kasuwa suka yi kwanaki suna kau da kai. Alhaji ya aiko aka karɓe babur ɗin duka biyu, albashi ma ya tsaya. Ban taɓa jin Kawu ya zage shi ba, yakan ce mai abu ya karɓi abinsa. Ya kira mu ni da golan ya ce ba shi da abin biyanmu, wanda ya ga zai tafi ya tafi da albarkarsa. Golan ya koma fataucinsa na tsallaken iyaka, amma duk ƙauyen da ya ratsa yana duba yara masu ƙafa. Ni na samu aikin koyarwa a firamare, ranar da ba makaranta in hau keke in zaga ƙauyuka neman yara.

Abin da ya biyo baya shi ne, bayan an gama noman fari, Bafulatanin nan ya rako ɗansa da ƙafarsa har shagon Kawu, ya ce ga shi nan, ya gama. Labarin ya zaga rugage da ƙauyuka. Daga shekarar ban ƙara shan wahalar uba ba. In na ce daga wurin telan Kazaure nake, sai a shimfiɗa mini tabarma. Kofi dai ba mu taɓa ɗauka ba. Da kuɗin mai suka ja baya, samari suka watse neman abinci, filin ma aka yanka shi filaye aka yi gidaje. Kawu ya koma ɗinkinsa har idonsa ya gaza.

Taubashina ya dawo gida gaba ɗaya bayan ya ajiye tuƙi, shi ma da furfurarsa. A jinyar nan ta ƙarshe shi ne a kansa. Shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa alwala, shi ke ba shi kunu a baki. Na sha zuwa in same su, uba a kwance ɗa a zaune, rediyo na yi. Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauko tsohon zancen ba.

Bayan sadakar uku, da la'asar, baƙi sun ragu, muka rage ni da taubashina a soro. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni ko Baba ya taɓa gaya mini dalilin da ya sa ya ɗauke ni ya bar shi. Ya ce ya san maganar da ya yi ta jiran yaro a bayan gari, amma ai kowa ya san wasa yake yi.

Na ce ya taɓa. Wata rana ne, shekaru bayan kulob ya mutu, ina zura masa zare a allura, na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce in riƙe a cikina har sai ya kau, don ba ya so ɗansa ya ji daga bakin wani, shi kuma nasa bakin ya ƙi buɗewa. Abin da ya ce shi ne: "Ya fi ku ido, ku duka. Amma yana da gaggawa, kuma aikin na haƙuri ne. Da na ba shi, wata rana zai yi abin da dole in kore shi. Kai in na kore ka, uwarka za ta yi fushi ta huce. Shi in na kore shi a gaban gari, na rasa ɗa. Sai na zaɓi ya yi fushi da ni." Sannan ya ƙara da cewa, "Ga shi kuma ya tafi duk da haka. Har yau ban san ko daidai na yi ba."

Taubashina bai ɗago ba. Can ya share ido da bayan hannu ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Da ya kore ni, ko damina ba zan kai ba." Muka ɗan yi murmushi mu biyu. Sai ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Amma da ya bari na gwada."

Har yanzu da nake rubutun nan ina juya maganarsa. Dukansu biyu ina ganin gaskiyarsu, ni kuwa a tsakaninsu na ci abincina.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya riƙe amanar 'ya'yan mutane iyakar saninsa, inda ya yi kuskure kai ne mai yafewa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Inna da ɗansa haƙurin rashinsa, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.